Ƙanƙarar Inna

Tun daren jiya Inna ta ce ranta na son ruwan sanyi,
ba na randa ba.
Randa ta sallama tun da bazara ta kama,
ko an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ɗumi take bayarwa.
Na ce to.

To ɗin nan ce ta fitar da ni da hantsi
a kan keken da Baba ya bari,
mai sirdin da tsumma ya fi fata yawa,
mai ƙararrawar da ba ta magana sai an faɗa rami.

Daga ƙofar gidanmu zuwa Ringim
na san hanyar da tafin ƙafa kafin in san ta da taya:
rijiyar Tasalla, inda guga ke hawowa rabinsa laka,
gonar Mati, an share, an ƙone, ana kallon sama,
sai yashin nan na bayan maƙabarta
da ke sauke kowa, babba da yaro,
ka turo abin da ya kamata ya ɗauke ka.

Wani yaro a gindin mangwaro ya ce,
"Sabi'u, rage min hanya zuwa kwalta!"
Na ɗora shi a kariya.
Ya biya ni da mangwaro guda
wanda jemage ya riga ni ɗanɗanawa.

Cikin gari kowa na cin bashin inuwar wani.
Masu babur sun zube ƙarƙashin darbejiya,
mai rake na fifita da hularsa,
tela ya fito da nasa keken bakin titi,
keken da ba ya zuwa ko'ina
amma ya fi nawa kawo cefane.

Gidan ƙanƙara layi ne har bakin kwata.
Janareto na tari, muna yi masa sannu a zuci.
Na samu dunƙule ɗaya kamar kan maraƙi,
aka birkiɗe shi da ɓuntun shinkafa,
na naɗe a buhu biyu, na ɗaure da roba.
Daga nan ni da rana muka sa tsere.

Ita ba ta taka feda,
ba ta sauka a yashi.
Ɗis, ɗis a bayana,
hanya na karɓar zakkarta tun kafin nisabi ya cika.

Daidai kukar Ɗanliti
ƙayar aduwa ta gaisa da tayar baya.
Fuuu.
Shi kuwa Ɗanliti mai faci
ko gobara ake yi sai ya gama gyara zama.
Ya tsoma roba a kwano yana neman kumfa,
yana ba ni labarin akuyar da surukinsa ya hana shi,
ni ina kallon buhuna yana kuka,
kajinsa sun taru suna shan hawayen.

Na shigo gida ana kiran azahar,
rigata a manne da bayana.
Na kwance buhu na farko, na kwance na biyu.
Abin da ya saura bai fi ƙwan zabo ba.

Inna ta karɓa da hannu biyu.
Ba ta jefa a moɗa ba.
Ta ɗora a goshi, ta lumshe ido,
ruwan ya bi tsagen fuskarta layi-layi har haɓa.
Ta daɗe a haka.
Sai ta ce, "Ubanka ma haka yake kawowa.
Wata rana ma buhun kaɗai."

Da magariba na jingina keken a jikin rumbu.
Can gabas wani abu ya yi walƙiya ya fasa.
Na matsa tayar baya da babban yatsa:
facin Ɗanliti na nan riƙe,
ya isa gobe.