Takarda a Haɓar Zane

Haƙori ɗaya na je cirewa a Lamorde.
Allurar kashe dasashi na shiga,
harshena ya tashi kamar ƙullin fanke,
maƙogwaro ya tsuke,
na ji Tsahara tana kirana
kamar daga ƙasan kogin Isa.

Damina uku ke nan.
Muƙamuƙi bai bar zugi ba.
Na manta yadda ake tauna kilishi,
koko nake kurɓa, ta gefe ɗaya.

Lokotoro ya ɗaga hoton ƙashi ga fitila:
"Babu kome, madam. Tsoro ne kika ji ranar."
Ya rubuta farasitamol
tun ban gama zama ba.
Jikka biyar na biya
aka gaya mini lafiyata lau.

To, mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.

Mintu ta yago shafi daga littafin lissafinta,
ta kwafe sunan allurar da jan biro,
harafi, harafi.
Na ƙulle a haɓar zane, wurin kuɗin taksi.

Gobe zan sake haye gada.
Duk wanda ya ɗauko sirinji,
sai ya karanta rubutun ɗiyata
kafin in buɗe baki.