A Tsoma ko a Yayyafa?

Shagon ba shi da allo, ba shi da suna.
In ka tambaya a Kakuri za a ce maka:
bi ta bayan tsohuwar masaƙa,
inda hancinka ya ja birki, nan ne.

Tanimu ba ya amsa gaisuwa in yana yanka,
gira kawai yake ɗaga maka.
Wuƙarsa ta sha wasi har ta rame,
da ita yake bin cinyar sa
siriri, siriri,
ka ɗaga yanka ɗaya
ka hango ƙwan fitila ta cikinsa.

Tukunya tun azahar take ƙunƙuni.
Citta, kanumfari, masoro,
da ƙashin da ya sallama duk abin da ya mallaka.
Sai ya tsaga burodi biyu,
ya cusa nama, ya danna da babban yatsa,
albasa, tattasai, attaruhu gwargwadon ƙarfin halinka,
sannan tambayar nan tasa guda
da ya shekara ashirin da bakwai yana yi:
"A tsoma ko a yayyafa?"

Ni ɗan a-tsoma ne, gaba da baya.
Burodin ya nutse cikin romo,
ya fito yana kuka.

Ba a cin wannan a zaune.
Bencin na masu jira ne.
Ka ja ƙafafu baya,
ka kafa gwiwar hannu a kan katako,
ka sunkuya kamar mai neman allura,
duk da haka sai romo ya bi ta ƙarƙashin agogo
ya gaida hannun riga.

Ga Ladidi ta sauko daga aikin asibiti,
tana ci ido a rufe.
Ga Dogara, layinmu ɗaya da shi a ɗakin zare,
yanzu keke yake ja tsakanin Sabo da kasuwa,
ya bar injin a kunne don kada ya ƙi tashi.
Ga wani saurayi da farar shadda, zai je zance,
muka ce sunkuya, yaro.
Ya ce shi ya iya.
Cizo ɗaya, taswirar Najeriya ta fito masa a ƙirji,
har da kogunan biyu.
Dogara ya yi dariya sai da yaji ya shaƙe shi.

Da, in jiniyar masaƙa ta yi ƙara,
layi har bakin kwalbati,
auduga a gashin kowa kamar mun tsufa tare.
Yanzu mun tsufa da gaske.
Mu bakwai ne a daren nan, na ƙirga har da kyanwa.

Na ce, Tanimu, burodin nan ya gajarce.
Ya ce, kai ma da ka fi haka tsawo.

Akwai abin da ba ma faɗa a shagon.
Barau, mai gyaran injin saƙa,
gindin burodi yake so,
wai nan romo ke kwana.
Damina uku ke nan da muka kai shi makwanci,
amma hannun Tanimu bai samu labari ba:
kullum sai ya yanke gindin,
ya ture shi gefen faranti,
ya tsaya yana dubansa.

Yau aka ɗauke wuta ana cikin ci.
Kafin a kunna aci-bal-bal
na ji an sa mini abu mai ɗumi a tafi,
jiƙe sharkaf.
Ban tambaya ba, bai ce komai ba.
Wuƙa ta ci gaba da tafiya a duhu,
ta san hanya.

Na cinye a tsaye,
na lashe har wuyan hannu,
na ce attaruhun yau akwai zafi.
Ladidi ta miƙo mini ruwa
ba tare da ta buɗe ido ba.