Bargon Mahauci

Shekara talatin da huɗu ina tsaye a kwatar Kaase,
ƙafa cikin ruwa tun ladan bai yi gyaran murya ba.
Na raba gaɓar sa da 'yar'uwarta fiye da ƙirge.
Na san farin guringuntsin nan
mai santsi kamar cikin tangaran,
wanda wuƙa ke zamewa a kansa.

Shi ya sa da Dakta Ofosuwa ta ɗaga hoton gwiwata ga fitila
na ce, 'yata, huta da bayani.
Tsohuwar saniya ce wannan, ƙashi na cin ƙashi.
Da a teburina take
da na rage wa mai saye kuɗi.

Ta yi dariya, ta ce akwai wata allura.
Za a huda ƙuguna a zuƙo bargo,
a juya shi cikin na'ura,
a tsamo ƙwayoyin da ba su riga sun zaɓi sana'a ba,
kamar yaran da iyaye ke kawo mini koyon fawa,
a tura su gwiwa, ko za su kama aiki.

Na ce, zan warke?
Ta ce, Baba, ban ce ba.
Wasu gwiwarsu ta yi sauƙi,
wasu aljihunsu ne kawai ya yi.
Masu bincike ba su gama ba.
Na ji daɗinta. Wanda bai rantse a kan hajarsa ba
shi nake saya wa.

Kuɗin ya kai bajimi biyu 'yan Bawku.
Tanimu ya ce asara ce.
Uwarsa Lantana ba ta ce komai ba,
ta dai ɗumama man kaɗe kamar kullum.
Ba su san kujerar roba ba,
shuɗiya, a ƙarshen sahu a masallacin Aboabo,
inda nake sunkuyar da kai ga iska
jama'a na kai goshi ƙasa.
Shekara uku rabona da warin tabarma.

Ranar Talata na kwanta rubda ciki.
Ni da na fasa ƙashi dubu don masu miya,
yau nawa ake nema.
Na ce a nuna mini.
Ja ne, kaɗan, bai cika cokali ba.
Ashe iyakar abin da na ɓoye ke nan.

Yau mako bakwai.
Da safe gwiwar kan yi shiru,
da hadari ya taso daga Bantama ta tuna da ni.
Ban sani ba ko yaran sun kama aiki
ko suna zaune suna kallon bango.

Jiya da dare, da gida ya yi barci,
na shimfiɗa tabarma, na dafa gado,
na sauke ta dama a hankali.
Ta hagu tana nan tana shawara.
Ban matsa mata ba.
Na san halin ciniki.