Tausar da Mannir Ya Zo da Ita

Shekara talatin da huɗu ina taka keken ɗinki
a ɗan shagona na Rafindadi.
Keken bai tsufa ba, ni ya tsufar.
Baya ya lanƙwashe kamar lauje,
wuya ba ya waiwaye sai ya gayyato kafaɗa.
In na kai goshi ƙasa, tasowa sai dabara:
jama'a sun miƙe, ni ina lallashin gwiwa.

Mannir ɗan ƙanwata ya je Bankok saro takalma,
kaya suka maƙale masa wata biyu.
Zaman jira ya kai shi gun wani dattijo mai tausa.
Ya dawo Katsina da kwali arba'in
da wani abu a tafin hannu wanda kwastan ba su gani ba.

Ya ce, Kawu, kwanta.
Na ce, ina man zafin?
Ya ce, ba mai, kada ma ka tuɓe riga.
Tabarma ce kawai, da haƙuri.

Daga tafin ƙafa ya faro,
babban yatsa na bin jijiya
yadda almakashina ke bin alli a kan shadda.
Ya danna, ya jira, ya saki.
Wai su can sun ce jiki na da hanyoyin iska,
in sun toshe a buɗe su.
Na ce, mu a nan zare ne ya harɗe.

Ya sa gwiwar hannu, ya sa diddige,
ya ninke ni kamar turmin atamfa,
ya warware, ya kamo hannuwana ta baya,
ƙashi ya ce ƙas! na ce wayyo Allah.
Ya ce, saki numfashi, Kawu,
in da zafi ka faɗa, ba sharo muke ba.

Can sai ɗumi ya gangaro ƙafar hagu,
wadda ta daɗe tana mini baƙunta.
Kuma ban san ta ina ba, Kaka Rabe ya faɗo mini:
ya dawo gona a Batagarawa, ya kwanta rubda ciki,
ku zo ku tattaka ni, 'yan nema.
Mu hau bayansa muna dafe da bango,
ladanmu gyaɗa cikin hannu.
Yaushe muka daina? Ba wanda ya sanar.

Daren nan ban nemi ƙwaya ba.
Gambo ta ce munsharin da ta manta ya dawo,
har ta yi kewar ciwon.

Maƙwabcina Sada ya ji labari, ya ɗingiso
da ƙugun da babur ya taɓa.
Mannir ya duba, ya janye hannu.
Wannan na asibiti ne, Baba,
tausa ba ta ɗora ƙashi.
Sada ya tafi yana cewa yaron rowa gare shi.

Ba zan ce bayan ya miƙe ba,
lauje dai lauje ne.
Amma ran Juma'a na taso tare da sahu,
har na waiga na ga wanda ya taka mini takalmi.

Mannir ya koma kasuwa, ba kullum ake samunsa ba.
Jiya da la'asar na shimfiɗa tabarma,
na kira jikata Bilki: ajiye wayar nan, zo ki tattaka ni.
Ta dube ni, ta dubi bango,
ta ce gyaɗa ba ta ci,
naira ɗari ne, kuma a fara biya.