Minti Biyar

Shekara talatin ina gyaran agogo
a rumfar kwano, gefen Ƙofar Doka.
Na saba da abin da in ya ce ƙarfe biyu
to ƙarfe biyun yake nufi.
Shi ya sa bakin mutane ke gajiyar da ni,
agogo ne da ba a taɓa saitawa ba.

Tanimu ya ajiye mini agogon bangonsa,
ya ce, "Malam, ina zuwa,"
ya juya mini ƙeya ya nufi Tudun Wada.
Ni dai na san mai zuwa fuskarsa ake gani.
An yi azumi biyu, batir ya zube a ciki,
har yau Tanimu bai gama zuwa ba.

Na buga wa Yusha'u tela waya kan rigata.
"Ga ni nan a Kwangila, minti biyar!"
Ina jin zakaran gidansu yana cara a bayansa,
ga ƙarar bokiti, ga yaro yana neman kuɗin koko.
Ni fa na buɗe cikin minti, na ga haƙoransa,
daƙiƙa sittin ne, a Samaru ko a cikin birni,
ban taɓa cin karo da mai awa uku ba.

"Ba gulma ba," in ji Asabe mai ƙosai,
sai ta gyara zama, ta rage murya.
Kafin mai ya yi zafi ta feɗe unguwa har wutsiya.
Wanda ya ce "ba raini ba," sunkuya, jifa na tafe.
Mai "a taƙaice" kuwa, nemi benci ka zauna,
la'asar za ta same ku bai kai rabi ba.

Wani ya ce mini, "To, maganar gaskiya..."
Na ce dakata, ɗan'uwa.
Wadda muka yi tun safe, ta mece ce?

Kanawa na mana dariya wai mun ce "mota na."
Su yi ta yi. Wannan bai taɓa cutar kowa ba.
Abin da ke ci mini rai shi ne "sai haƙuri"
daga bakin mai babur da ya wanke ni da ruwan kwata,
ya biya ni da kuɗin da ke aljihuna,
ya ƙara wuta, ko waiwaye bai yi ba.
Ni kuma, don kunya, na ce masa "ba komai,"
ga komai yana ɗiga daga hulata har takalmi.

Haka nake mita, har almajiran sana'ata
suka laƙaba mini Malam Daidai.

Sai bara, yayana Barau ya kwanta a Shika.
Agogon hannunsa ya sauko har gwiwar hannu,
na ƙara wa maɗaurin huda biyu, bai kama ba.
Duk wanda ya shigo ya ce, "Ya jiki?"
Shi kuma ya tattaro numfashi ya ce, "Da sauƙi."
Na buɗe baki zan gyara masa, kamar kullum,
sai na laluba Hausa kaf, lungu da saƙo,
ban sami kalmar da zan ba shi a madadin ba.

A bakin ƙofa dangi suka tare ni.
Na ji bakina yana cewa, "Da sauƙi."

Ranar Laraba ya ce lemo yake marmari.
Na miƙe, na laluba aljihu, na ce, "Ina zuwa."
Ya buɗe ido ɗaya. "Har da kai, Daidai?"
Na ce, "Minti biyar."
Muka yi dariya, tasa ba ta da sauti.
Na dawo da lemo huɗu a leda,
na tarar an ja labule.

Jiya na sauko da agogon Tanimu,
na kankare tsatsa, na sa masa sabon batir.
Yana nan a rataye, yana tafiya daidai.
Mai shi ya ce yana zuwa.
Ban sayar ba.