Ledar Wa Ce?

A bangon ɗakina akwai zane,
ba ni na yi ba, ruwa ne.
Ya tsaya daidai ƙugun jikata Wulan,
shekara biyu ke nan, fenti ya gaza rufe shi.
Daren da ya shigo bai yi sallama ba,
ya kwashe tabarma da littattafan makaranta,
ya bar mana laka da ƙarnin mataccen kifi.

To, yau Lahadi.
Rana ba ta gama leƙo Semarang ba
Pak Wagiman ya bugi ƙarfen bakin lungu
sau uku, bugun mai bin bashi.
Muka fito, mai cebur, mai manjagara,
Sumarni da buhunan da take tarawa tun azumi,
ɗan gidan Haryono da safar hannu ɗaya, ɗayar ta ɓata.
Ba wanda ya aiko mu.
Hadari ne ya fara haɗa gira ta yamma,
kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu huɗu muka ɗaga murfin kwalbati da nishi.
Ashe kwata ba ta iya rufa asiri!
Duk abin da unguwa ta ci tana riƙe da shi:
ɓawon kwakwa, gorar roba, takalmi ƙafar hagu,
rabin katifa,
kan 'yar tsana mai ido ɗaya yana kallonmu
kamar ya san sunan kowa.

Na sa baki, ni da ba a fi ni baki ba:
"Wace irin ƙazama ce ke yin haka?
Ita a gidansu ba a koya mata ba?"
Ina faɗa ina jan manjagara,
sai ta fito da wata leda shuɗiya mai ratsin fari.
Na sake ja. Wata. Na sake. Wata.
Irin wadda nake ƙulla wa mutane soyayyar ayaba
a bakin gada, shekara goma sha ɗaya.
Ni kaɗai ke sayen irinta a layin nan.
Na ƙirga har talatin, na bar ƙirga.

Sumarni ta gani.
Ba ta ce uffan ba,
ta dai ƙara buɗe mini bakin buhu.

Wajen hantsi ruwan ya motsa.
Da fari baƙi, yana jan ƙafa kamar mai jinya,
sai ya yi gyaran murya, ya miƙe,
ya nufi rafi, rafi ya nufi teku.
Wulan ta saki ganye ta bi shi da gudu
har ya shige ƙarƙashin gada.
Muka sha shayi a tsaye, hannu na wari,
Pak Wagiman na lissafin buhu, ya rasa a arba'in da wani abu.

Litinin na naɗe ayaba a ganyenta.
Wani direba ya ce mai zai ɓata masa riga.
Na ce riga a wanke ta.

Daren Alhamis aka tsuge da ruwa.
Ban yi barci ba, ina jin kwano na kuka,
ina jin kwalbati na haɗiya, na haɗiya.
Can na sauke hannu daga gado a duhu,
na shafa ƙasa.
A bushe.
Na sake shafawa, don ban yarda ba.