Makullai Goma Sha Bakwai

A Yeongdo ta birnin Busan, inda gidaje ke hawa dutse
kamar awakin da ruwa ya koro,
ni ce Yun Deok-hui, mai riƙon makullan majami'a.
Goma sha bakwai ne.
Na san su a duhu, da lalube,
fiye da yadda na san muryoyin jikokina.

Ƙarfe huɗu na asuba ina bakin ƙofa.
In kunna fitilu, in ɗumama ɗaki,
in jiƙa shinkafar mutum ɗari biyu,
in goge rigunan mawaƙa,
in gangara tashar jiragen ruwa in ja ciniki da mai kifi,
in dawo in tarar an ce amin.
Shekara ashirin da ɗaya ina jin amin ɗin nan
ta bayan bangon kicin,
kamar bikin maƙwabta.

Akwai wani tsoho, Bae Chun-sik,
mai walda ne a da, a magyarar jirage,
ƙarar guduma ta cinye masa kunne ɗaya.
Bencin ƙarshe ne wurinsa, hula a gwiwa.
Ba ya ɗaga kujera, ba ya kawar da cokali.
Nakan wuce shi da bokiti, ina tsaki a zuci:
wasu na noma, wasu na jiran girbi.

Ran nan, cikin Janairu, ƙanƙara ta kwana a matakala.
Tukunya a hannu, waya maƙale a kafaɗa,
ina ba da umarni a kan kabeji,
sai ƙafa ta tafi ba sallama.
Likita ya ce mako takwas.
Na ce, shi ke nan, majami'a ta rushe.

Ba ta rushe ba.
Wannan ya fi karayar ciwo.
Shinkafa ta ɗan caɓe, aka ci, aka ƙoshi.
Wata yarinya, Na-rae, ta jera furanni a karkace,
jama'a suka ce sun yi kyau.

Sai ga ni a bencin ƙarshe, da sanda,
kafaɗa da kafaɗa da wanda nake yi wa tsaki.
Na buɗe baki in yi addu'a,
jerin cefane ya fito: man riɗi, gishiri, tafarnuwa.
Na sake buɗewa: kuɗin wuta.
Ashe guga nake,
in shiga rijiya, in fito, in juye wa wasu,
in kwana a bushe.

Na karkata ta kunnensa mai ji, na ce,
"Me kake faɗa wa Ubangiji duk tsawon lokacin nan?"
Ya ce, "Da ina da magana. Ta ƙare tuni.
Ƙarfe ba ya kama ƙarfe
sai an riƙe su wuri ɗaya, cikin wuta,
hannu ya daina rawa."
Ya mai da idonsa gaba.

Na zauna.
Kwana tara shirun yana yi mini ƙaiƙayi.
Na goma, wani jirgi ya yi kuka can cikin hazon teku,
haske ya rarrafo ta taga ya taɓa mini takalmi,
ban ce komai ba, ba a tambaye ni komai ba,
amma na ji an san da zuwana.
Na yi kuka irin na wadda ta daɗe a hanya.

Da ƙashi ya ɗinke, na kwance zoben makullan
a kan teburin dattawa.
Na mayar da goma sha biyar.
Wata ta ce, "Kin gaji da aikin Allah ke nan?"
Na rasa amsar da za ta shiga kunnenta,
don ni ma da can ba za ta shiga nawa ba.

Laraba har yanzu ni ke dafa miya.
Sauran asubahi, benci.
Jiya murfin tukunya ya faɗi a kicin,
rabin jikina ya miƙe.
Chun-sik bai ko waiwayo ba.
Na dafa gwiwa,
na zaunar da ita.